Makon da Baba Ya Ajiye Maka

Erie, Pennsylvania,
Laraba, farkon Nuwamba.

Zuwa ga ƙanena Lenny,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bronwyn da 'yar lelenmu Tilly. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ka a ramin ma'adinan nan da ko a hoto ba na son ganinsa, ya sanyaya maka zuciya kamar yadda muke roƙo ya sanyaya tamu. Mu ma muna nan lafiya gwargwadon hali. Mama ta fara cin abinci, ko da yake sai an zauna a kanta. Mijina Duane ya koma aiki, gwiwar tasa dai tana nan da halinta. Iskar tafki ta kakkaɓe ganyen bishiyar ƙofar gida tas, kuma bana babu mai tsayawa a taga yana gaya mana ba haka ake shara ba. Na rubuto ne don na san halinka, in na kira sai ka ce kana bakin aiki. Zan ɗauki hoton takardar in tura maka ta waya, domin gidan waya ba zai kai ta Ostareliya kafin Lahadi ba, maganar kuwa ba ta wuce Lahadi.

Na san ka ji yadda aka ƙare da kofin besbol. Tun yana saurayi Baba yake jiran ƙungiyarsa ta ɗauki kofin nan, sai ga shi bana sun kai wasan ƙarshe wata guda bayan mun binne shi. Ban taɓa jin haushin nasara ba sai bana. Duk wasan da suka ci sai in ji kamar an yi biki ba a gayyace shi ba. Duk da haka mun yi komai yadda yake yi. Muka kunna talabijin muka kashe muryarta, muka buɗe rediyo, don ka san yana cewa masu magana a talabijin sun fi 'yan wasan gajiyar da mutum. Mama ta ɗora hularsa a kan kujerarsa, wannan shuɗiyar da ba a wanke ta sai kakar wasa ta ƙare, wadda take cewa ko kare ya shinshina sai ya nemi likita. Kawu Stosh ya zo da tsiran alade da giyarsa, ya zauna a inda ya saba, ya hana kowa canza wuri in ƙungiyarmu tana kan gaba.

Ranar wasa na bakwai, wanda shi ne na raba gardama, tun daga zagayen farko aka fara dukanmu. Mai jifanmu ya rikice, duk abin da ya jefa sai an aika shi bayan katanga. Da tafiya ta yi nisa kowa ya san an gama, Duane ya miƙa hannu zai kashe rediyo don ya rage mana baƙin ciki. Sai Mama ta ce ya bar shi. Mama fa, wadda ta yi shekara hamsin tana cewa besbol wasan maza ne da suka rasa abin yi, suna tsaye a ciyawa suna tofar da yawu. Ta ce a gidan nan ba a tashi sai an fitar da mutum na ƙarshe, haka mai gidan ya bar shi. Muka zauna muka sha kayen har ƙarshensa. Da aka fitar da na ƙarshen ta tashi ta ɗauki hular ta nufi wurin wanke-wanke. Na bi ta na tarar tana cuɗa ta da sabulu, ruwan ya yi baƙi ƙirin. Ta ce kaka ta ƙare ai. Lenny, ban yi kukan da na yi a wurin nan ba ko a maƙabarta.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya na buɗe wasanmu na waya na zaɓen 'yan ƙwallon ƙafar Amurka, ba besbol ba, don in shirya ƙungiyata, na ga mako na tara ne, kai za ka kara da ƙungiyar Baba. Na kuma ga ka kwashe 'yan wasanka kaf ka zuba su a benci, ka bar filinka wayam don ya ci ka. Na gane nufinka. Ƙungiyarsa tana can ƙasa, ba ka so ya ƙare a na ƙarshe a shekarar da ya tafi. Na kuma san akwai abin da ya fi wannan nauyi a ranka, wato jirgin da ya sauke ka kwana ɗaya bayan ya cika. Ba laifinka ba ne. Shi ya ce maka ka bari sai Kirsimeti, kuma dukanmu mun yarda da shi, don mutumin da ke da ƙarfin zagin alƙalin wasa ba ka ɗauka yana shirin tafiya. Amma abin da ka yi jiya, ƙanena, ba zan ɓoye maka ba, da yana nan da ya kira ka ya wanke ka tas.

Akwai abin da ba ka gani ba a asibiti, bari in ba ka. Lahadinsa ta ƙarshe, da safe, ya ce in miƙo masa waya zai jera 'yan wasansa. Ni na riƙe masa, shi yana nunawa. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi wane irin aiki ne wannan da ba zai jira a gama auna shi ba. Ya ce mata wasan maƙaryata ne. Wai manya goma masu hankali ne a dangi, kowa ya tsinto 'yan ƙwallon nan masu hular kwano daga ƙungiyoyi daban-daban ya haɗa tasa ƙungiyar a waya, duk abin da yaran suka yi a fili ranar Lahadi sai a rubuta maka maki kamar kai ka sha karon, kuma kowane mako ana haɗa ka da wani ɗan'uwa, ka ci shi ka yi masa dariya ba tare da ka zubar da gumi ko ɗigo ba. Ta ce kuɗi ake ci? Ya ce ina, abin ya fi kuɗi muni, wanda ya zo na ƙarshe shi ke wanke kwanukan daren Kirsimeti sanye da rigar girkin matarsa mai furanni. Ta ce shi ya taɓa wankewa? Ya ce rigar ta fi zama masa daidai a kan mai ita. Ta yi dariya har sai da ta dafa gado. Jerin da ya yi a safiyar nan shi ne yake nan har yau.

Bayan jana'iza, ka tuna, Kawu Stosh a matsayinsa na alƙalin wasan ya yanke cewa babu mai taɓa ƙungiyar Baba, yadda hannunsa ya bar ta haka za ta ƙare kaka. Shi ya sa take ta faɗuwa. Tun da aka shiga makonnin hutu, duk Lahadi sai ka ga mutum biyu ko uku nasa ƙungiyoyinsu na gaske ba sa wasa, babu mai sauya su, gurbinsu ya tashi babu maki. Ni kaina na ci shi a mako na shida. Na rufe wayar na fita na yi ta zagaya unguwa kamar wadda ta yi sata.

Yanzu ka koma da tunaninka ranar zaɓe, ƙarshen Agusta, a garejin gida, kai kana cikin waya an jingina ka da kwalbar miyar mustad. Ka tuna kafin a fara ya tambayi Kawu Stosh wane mako zai haɗu da kai? Kawu ya ce na tara, ya kuma tsokane shi wai tsoron ƙungiyarka Gurgun Kangaru yake ji tun yanzu. Da layin zaɓe ya zo kan Baba, ga tsohon mai gudun nan da yake kira Tarakta yana nan ba a ɗauka ba, wanda ya shekara da shekaru yana ɗauka ko da ƙafa ɗaya yake takawa, sai ya tsallake shi. Garejin ya ɗauki ihu. Duane ya ce a auna tsohon zazzaɓi. Kawu ya ce aure ya mutu ke nan, wa zai riƙe yara? Kai kuwa ka yi wuf ka ɗauke Tarakta, kana waƙa a waya wai ka ƙwace masa masoyi. Shi dai murmushi kawai ya yi, ya ci gaba da ɗaukar waɗansu mutanen da bai taɓa so ba, yana duba wayarsa a hankali kafin kowane ɗaya. Muka ce tsufa ne.

Ba tsufa ba ne. Mama ta gaya mini bayan ta shanya hular. Likita ya riga ya faɗa masa gaskiya tun tsakiyar Agusta, ya hana ta gaya mana. Ya san ba zai ga Nuwamba ba, ya kuma san halin Kawu Stosh, ya san ba za a taɓa masa ƙungiya ba. Sai ya zauna ya zaɓi mutanen da babu ko ɗaya a cikinsu da zai huta a mako na tara. Sauran makonnin ya bar su ga Allah, wannan ɗaya ya gyara. Mama ta ce da suka shiga gida ranar ta tambaye shi me Tarakta ya yi masa. Ya ce mata: "Hutu yake a makon yaron nan. Ba zan je wa Lenny da gurbi ba, sai ya ɗauka tausayinsa nake nema."

Je ka duba da idonka. Duk mutanensa suna wasa ranar Lahadi, har mai jefa ƙwallon nan da ya gurɗe a ƙafa an ce ya warke zai fito. Sannan ka duba naka. Tarakta yana hutu. Tsohon ya haƙa maka rami kana waƙa ka faɗa ciki, kuma na tabbata murmushin da ya yi ke nan. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Kai ka fi kowa sanin mutumin nan. Ranar da ka cika shekara tara ya fitar da kai a bayan gida da jifa uku a gaban abokanka, ka jefar da sanda ka shige ƙarƙashin tebur kana kuka, Mama ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Abin da ya ce kawai shi ne, wanda ka yi wa jifa mai laushi ka gaya masa ba ka ɗauke shi a bakin komai ba. Na tsane shi ranar, ba zan yi ƙarya ba. Amma ni ce kuma nake tsaye ranar da ka girma ka maka ƙwallonsa ta fasa tagar gareji. Ya tsaya yana kallon ramin kamar an ba shi kyauta. Bai taɓa sa gilashi ba, katako ya buga, kuma duk baƙon da ya shigo sai an kai shi ya ga katakon, har Fadan cocinmu bai tsira ba. Jiya na shiga neman manjagara na gan shi yana nan, ya yi baƙi, ƙusoshin sun yi tsatsa.

Na san kana ganin ka makara, ba ka samu kun yi sallama ba. Ni ma na ɗauka haka ne. Ashe ya san za ka iya makara, nisan ba kaɗan ba ne, shi ya sa ya ajiye maka wannan Lahadin tun ana zafi. Ita kaɗai ta rage, daga ita babu wata. Badi Kawu zai cire sunansa, mu koma tara. In ka bar filinka wayam, zai ci maki a kan kujeru marasa kowa, ya zo da shirinsa bai tarar da kai ba. Wannan ne zai zama rashin zuwa na gaske, ba na jirgi ba.

Kada zancen kwanuka ya dame ka. Na tambayi Mama me za a yi in ya ƙare a na ƙarshe. Ta ce za ta rataya rigar girkin a kujerar da ake bari babu kowa a daren Kirsimeti, mu kuwa mu yi layi mu wanke masa, ai ya wanke mana isassu. Ta ce kuma in gaya maka ranar Lahadi bayan coci za ta zauna a gareji da wayata, ita da ba ta san ko maki nawa ake ba mai kama ƙwallo ba, kuma ba ta gaya mini wanda za ta goya wa baya ba.

Ka gaishe mini da Bronwyn, ka ce na gode da katin da ta aiko wa Mama, yana nan a jikin firji. Ka sumbaci Tilly, ka ce Gwaggo Bernie tana saƙa mata safa ko da yake an ce wajenku zafi ake shiga. Duane yana gaishe ka, Gwaggo Halina ma haka. Kawu Stosh ya ce in gaya maka ana kulle jeri ƙarfe ɗaya na rana agogonmu, kuma shi bai ga komai a bencinka ba, idonsa ba ya gani sosai sai ranar Lahadi.

Ka mayar da mutanenka fili, Lenny. Ka nemo wanda zai tsaya a gurbin Tarakta, ka zaɓi mafi ƙarfi. Wannan karon ƙwallon tana hannunka, shi ne riƙe da sanda yana jiranka. Kada ka yi masa jifa mai laushi.

Taka har kullum,
Yayarka Bernadette