Na Ji Muryar Baba a Rediyo

Assalamu alaikum Yaya Tasi'u,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Inna? Ya Umaima da yara?

Yaya, jiya ina wurin aikin gini a nan Jidda, na kunna shirin nan na Abuja da ake buga waya, sai na ji an ce, "Bakari ne daga Auyo." Bokitin da ke hannuna ya suɓuce. Baba ne. Yana cewa ruwa ya cinye shinkafarmu kaf, ɗakinsa ya rushe, a firamare kuke kwana. Bai ƙarasa ba, mai gabatarwar nan da kullum nake yaba muku ya katse shi, wai lokacin talla ya yi. Ni da shirinsa kuma har abada.

To shi bare ne. Ku fa? Duk Juma'a kuna ce mini lafiya lau, ashe sai Najeriya kaf ta ji kafin ni.

Ka kira ni ka faɗa mini gaskiya. Allah ya mayar da alheri.

Ni kada ku damu. Ina nan lafiya lau, irin taku.

Ƙaninka,
Abdulmannan