Sandar da Ka Miƙa wa Mai Alli

Zuwa ga mahaifina, Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ɗa ga mahaifinsa, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka na bayan garin Gidan Rumji, ɗanka na fari ne yake rubutowa daga Zangon Kumasi. Na san ko kana da rai ba ka karanta boko. Amma shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da wata magana, kuma tunda ni da kai ba mu taɓa zama mun yi zancen da ya wuce na shayar da shanu ba, gara in rubuta ta, wanda ya ga dama ya karanta.

Maganar sandarka ce.

Makon jiya wani direban kamiyon goro, babbar motar kaya, ya kawo mini ƙunshi daga Maraɗi, ya ce ƙanena Buba ne ya ba shi. Ciki akwai littafi na Turanci da wasiƙa guda, duka daga Mai Alli. Ba sai na tuna maka shi ba: dogon Baturen nan na Ingila, limamin coci, wanda ya zo taimako asibitin 'yan mishan a shekarar farin da shanunmu suka ƙare. Alli ba ya rabuwa da aljihunsa, duk kalmar da ya ji sai ya rubuta ta a jikin tulu ko a ƙofar mota, shi ya sa yara suka sa masa sunan.

Bayan littafin akwai hotonsa da ɗan tarihinsa. Ashe shekaru masu yawa ya yi yana shugabancin wata makarantar yara maza a ƙasarsu. Ya rubuta littattafan koyar da yara, ya rubuta na wa'azinsu. Da matarsa ta rasu sai ya ajiye makarantar ya taho wurinmu. Wannan littafin shi ne na ƙarshe, kuma rabinsa kai ne, Baffa.

Kai da ba ka taɓa ba ni magana goma a jere ba, ka ba Bature rabin littafi.

Ina ganinku har yanzu ƙarƙashin aduwar nan ta gefen gari, inda muka kafa bukkoki bayan mun baro ruga. Tun hantsi yake zuwa da kekensa, ya shimfiɗa dogayen ƙafafunsa a kan agaleminka, buzun da ko ni ba na zama a kai. Kai da Hausarka ta Bafulatani, shi da tasa ta Bature, kuna ta kame-kame kuna fahimtar juna. Ni ina can saman gawo ina sassabo ganye don shanun da ba sa iya tashi, ko ina feɗe wadda ta kwana ta mutu don kada fatar ma ta tafi a banza. Daga saman itacen na fara jin dariyarka. Wallahi sai da na dakata da gatari, don ban san muryar ba.

Na san al'ada, ba sai wani ya koya mini ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a dubansa ido da ido, ba a miƙa masa abu hannu da hannu. "Kai" ne sunana in ina kusa, "wancan" in ina nesa. Buba yana hawa wuyanka yana jan gemunka, ni kuwa in na shigo sai ka sami abin dubawa a sama. Ban yi kishin Buba ba, don kowace ruga haka take. Amma baƙo, Baffa? Baƙon da ko tatsa bai iya ba?

Duk abin da ka taɓa ba ni, ta hannun ƙanwarka Goggo Dije ya biyo. Malfata ta farko, wuƙar da ke ƙuguna har yau, igiyar karsanar da ka ware mini. Sai ka kawar da kai ka ce, "Dije, riƙe wannan." Ita kuma ta jira ka ba da baya, ta zo ta cusa mini a hannu tana cewa, "Ungo, ubanka ya yar, ni na tsinta. Kada ka yi masa godiya, ka ba shi kunya."

Goggo ba ta kai damina ba. Anzar da muke jiƙawa muna ci don yunwa, 'ya'yan itacen daji mai ɗaci, ba ta karɓe ta ba, jar dawar taimako kuma ta iso bayan mun rufe ta. Sauran dangi sun riga sun yi kudu da abin da ya rage musu. Muka zama daga kai sai ni sai Buba, sai Baturenka.

Zan faɗi gaskiyarsa, don ba ka haife ni maƙaryaci ba. Mutumin kirki ne. Ya ɗauko Goggo a bayansa har asibiti. Bai taɓa matsa maka da addininsa ba. In azahar ta yi sai ya rufe littafinsa ya koma gefe yana korar awaki daga gabanka. Wannan rubutun ma da nake yi maka, shi ya koya mini, da alli a kan murfin gwangwani, don ban taɓa taka lakol, makarantar boko, ba. Da mugu ne da na huta. Kishin mutumin kirki ya fi cin rai, don ba ka da inda za ka kama shi.

Sai ranar tafiyarsa. Kwana uku ke nan da mutuwar Wule, saniyarmu ta ƙarshe. Motar asibiti tana jiransa a bakin hanya. Ka fito da sandarka ta itacen dargaza, wadda ta yi baƙi don man shanu da gumin hannu, wadda kakana ya kora garke da ita kafin kai. Tun ina yaro na san inda za ta, hannun ɗan fari. Ina tsaye wajen shingen ƙaya na ga ka miƙa ta, ka ce, "Riƙe wannan."

Ya karɓa da hannu biyu, yana hawaye yana godiya. Ya shiga mota da ita.

Da mako ya zagayo na bar gida ban yi maka sallama ba. Ka rasu a ƙarshen daminar nan, labarin ya same ni a hanya bayan an yi sadakar arba'in. Yau aikina korar shanun wasu daga kasuwa zuwa mayanka, da guntun tiyo a hannu. Sau da yawa an ce in yanki sanda, na ƙi.

Turancina na kasuwa ne, bai kai na littafi ba. Maƙwabcina Malam Yakubu, wanda yake koyarwa a makarantar gwamnati, shi ya zauna da ni bayan Juma'a yana karantawa yana juya mini da Hausa. Mai Alli ya jera sunayen shanunmu duka, Wule da Saye da Nyale da sauransu, kowace da uwarta da kakarta, yadda ka faɗa masa. Shanun na san su, ni na yi kiwonsu. Labarinsu ne ban sani ba. Ban san ka yi tafiyar kwana tara a ƙafa kana saurayi don ka dawo da kakar Wule daga hannun ɓarayi ba. Ban san kana tsoron ruwa ba. Ban san da bakinka ka ce daren da aka haife ni ka tafi cikin garke ka zauna don kada a ga fuskarka ba. Yanzu yaran wata makaranta a Ingila sun san wannan, ni sai da aka fassara mini.

Malam Yakubu ya ɗago kai ya ce, "Kai, ubanka mai magana ne fa!"

Na ce, "Ga waɗanda ya ga dama."

Babin ƙarshe na sanda ne. Na so in ce ya bari, sai na daure. Ka san Mai Alli, ba ya barin komai, abin da ya gane da wanda bai gane ba duk rubutawa yake. Ya ce da tsohon zai miƙa masa sandar bai dube shi ba, ya kawar da kai gefen shingen da babban ɗansa yake tsaye. Ya ce ya yi ta godiya tsohon bai amsa ba, ya dai tsaya kamar mai jiran wani abu, har mota ta tashi bai motsa ba. Ya ce wannan ita ce kunyar mutanen nan in sun yi kyauta mai girma.

Na ce wa Malam Yakubu ya sake karantawa. Ya sake. Na ce ya ƙara. Ya ce, "Lafiya? Ka yi wani iri."

Baffa, kawar da kan nan na san shi. Kalmomin nan biyu ma na san su. Dije ba ta duniya, dangi sun watse, wanda ya rage mai zama kusa da kai shi ne Bature. Ka ba shi irin yadda kake ba Goggo, ka tsaya kana jira ya tako tako goman da ke tsakaninmu ya cusa mini ita a hannu. Shi kuwa ina zai sani? Ya koyi sunayen shanu, ya koyi gaisuwa, wannan ɗin babu wanda ya faɗa masa, don ba abin faɗa ba ne. Kai kuma ba za ka iya buɗa baki ka ce ta wancan ce ba, yana kuka yana godiya, ga ni tsaye ina ji.

Shi baƙo ne, yana da uzuri. Ni da duk abin da na mallaka ta haka ya zo mini, ni ne ba ni da uzuri. Da na matsa na miƙa hannu, da magana ta ƙare a nan. Amma watanni na yi a kan gawo ina ƙirga dariyarku, ranar kuwa ban ga komai ba sai abin da na riga na yanke a raina.

Kai ma kana da naka laifin, kada ka ce ban faɗa ba. Mako guda na yi a gidan bayan tafiyarsa. Shanu sun ƙare, Goggo ta tafi, babu mai gani balle ya ce ka yi rashin kunya. Kalma ɗaya ta isa. Ka zaɓi al'ada, ka bar ni na tafi.

Kuma wani lokacin in ina bayan shanun mutane sai zuciya ta ce mini: wa ya sani? Wataƙila shi ɗin ka ba. Wataƙila shingen kawai ka duba. Babu wanda zan tambaya.

A wasiƙarsa, da Hausarsa mai tuntuɓe, Mai Alli ya ce ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi a wani ƙauye inda ya yi limanci na ƙarshe. Ya ce sandar tana rataye a kan teburinsa, duk shekara yana shafa mata mai yadda ya ga kana yi. Ya ce a duk abin da aka taɓa ba shi babu kamarta, kuma ya bar wasiyya a sa ta cikin akwatinsa a rufe su tare.

Malam Yakubu ya ce, "Ka bar tsoho ya mutu da abinsa mana. Itace ne fa. Ba ka da ko ɗan maraƙi."

Gaskiyarsa ne, ba ni da shi. Buba ma ya aiko cewa fari ya dawo kamar na wancan karon, ya gangara Gazawa wajen iyaka da 'yan shanun da ya tara, ba ya zaton za su kai damina. Kwana biyu na yi ina juya maganar. Na san abin da zan karɓe daga hannun mara lafiya, mutumin da bai cuce ni da sani ba. Amma shirunka ya ci mana shekara goma sha ɗaya, nawa shirun ma ya ci. In na ƙara yin wani, sandar kakana za ta kwanta a kabarin Ingila.

Jiya na kai amsa gidan waya. Na rubuta da Hausa, da baƙaƙen da ya koya mini. Na ba shi labarin Goggo Dije da malfa da wuƙa. Na ce masa abin da yake rataye a ɗakinsa saƙo ne aka ba shi ya isar, kuma mai saƙon yana nan da rai. Na yi masa godiyar man da ya shafa mata. Ban ce masa ina shakka ba. Yadda na san shi, in takardar ta same shi da rai zai aiko, kuma zai ji ciwo.

Kishin bai tafi ba, Baffa. Ko sandar ta zo, hantsin nan na ƙarƙashin aduwa nasa ne har abada, shi ya ga dariyarka a kusa. Sai dai ga littafin nan a gabana, da tafiyarka ta kwana tara, da daren da ka ɓuya cikin garke. Wannan ma ta hannun wani ka ba ni, yadda ka saba. Ba zan yi maka godiya ba, Goggo ta hana.

Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Goggo Dije, ya yafe mini tafiyar da na yi ban sallame ka ba. Allah ya saukar da ruwa a Gidan Rumji da Gazawa, ya tsayar wa Buba ko da saniya ɗaya da za a kora da sandar nan. Shi kuma Mai Alli, Allah ya sassauta masa ciwo, ya ara masa kwanan da takardata za ta iske shi. Amin.

Ni ne wancan,
ɗanka Hamidu.