Dangwale Uku da Ba na Mati Ɗanbaba Ba

Daga: Mati Ɗanbaba, Tungar Hammadu, kusa da Wara,
ta hannun Kabiru Altine, Yelwa, Yawuri.

8 ga Nuwamba, 1993.

Zuwa ga: Mai girma Sufeton Ƙungiyoyin Gama Kai,
Shiyyar Yawuri, Jihar Kebbi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KARƁAR KUƊI SAU UKU DA KATI MAI LAMBA 217 NA ASUSUN MASUNTAN BAKIN TAFKI, WARA, BA DA SANIN MAI KATIN BA, DA HUKUNCIN KORA DA AKA YANKE MASA

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan mai girma Sufeto yana lafiya, ana gabatar da wannan ƙorafi a madadin Mati Ɗanbaba, wanda daga nan za a riƙa kira mai ƙorafi. Ba ya karatun boko. Shi ya faɗa, ɗan ƙanwarsa Kabiru Altine ya rubuta, aka karanta masa sau biyu, ya ce haka ne.

1. Mai ƙorafi masunci ne, shekarunsa sun haura sittin, shi ke jagorantar mutum tara masu jan taru, wato babbar ragar kamun kifi. Ya shiga Asusun a watan Fabrairu, 1992. Tsarin Asusun shi ne 'yan kasuwar kifi su zuba kuɗin masunci a ofis, shi kuma ya karɓa lokacin da ya so. Ƙa'idar karɓa tana rubuce a bayan kowane kati: mai kati ya zo da kansa, kashiya ya dubi hoto ya dubi fuska, mai kati ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, sannan a gwada da samfurin da ke cikin fayil ɗinsa.

2. Ranar rajista, akawun lokacin, Malam Enoch Joshua, ya dangwala babban yatsan mai ƙorafi sau uku, duk ukun suka fito baƙin tabo, ba zane ko ɗaya. Aka gwada na hagu, shi ma haka. Shekara arba'in igiyar taru tana bi ta kan yatsun nan, ta cinye su sumul. Malam Enoch ya yi dariya ya ce wannan yatsa ko a kotu ba zai ba da shaida ba. Ya ɗauki jan biro ya rubuta a kan samfurin cewa yatsan ba shi da zane, don haka kada a biya mai wannan kati sai 'yan Asusu biyu sun sa hannu sun shaida shi ne. Malam Enoch ya bar aikin a watan Janairu, 1993, yanzu yana koyarwa a Yelwa. An same shi, ya tuna, ya kuma rubuta shaidarsa. An haɗa ta da wannan takarda.

3. Kati takarda ne, masunci kuwa cikin ruwa yake yini. Saboda haka aka saba, duk wanda zai yi doguwar tafiyar kamun kifi, sai ya bar katinsa a ofis. Kashiya na yanzu, Malam Yusha'u Bappa, yana da wani gwangwanin biskit a durowarsa da yake tara su. A farkon watan Yuni, da mai ƙorafi zai hau saman kogi da mutanensa wajen Shanga, Malam Yusha'u da kansa ya tuna masa ya kawo katin kada ruwa ya ci hoton. Ya miƙa, ya yi godiya. Ba a ba shi rasit ba, shi ma bai nema ba, don ba a taɓa ba kowa ba. Bai ƙirga katunan da ke ciki ba, amma ya ga sai da aka danna murfin da tafin hannu kafin ya rufu.

4. Ranar 18 ga Oktoba ya dawo ofis don ya karɓi kuɗin gyaran taru. Aka ce masa abin da ya rage bai kai ba, domin ya riga ya karɓa sau uku: 13 ga Yuli, 10 ga Agusta, da 7 ga Satumba, jimilla naira dubu biyar da ɗari uku. Ana roƙon mai girma Sufeto ya duba kalanda. Duk ranakun uku Talata ne. Talata ce ranar da sakataren Asusu yake tafiya Yelwa kai kuɗi banki, mutum ɗaya kaɗai ke ragewa a ofis.

Daga Yuni zuwa tsakiyar Oktoba mai ƙorafi bai taka Wara ba. Mutum tara za su rantse da haka. Ranar 10 ga Agusta ma kwance yake, ƙayar kifin kurungu ta soke shi a ƙafa ta kumbura, ɗaukarsa aka yi zuwa ɗakin shan magani. Katin magani mai ɗauke da kwanan watan yana nan, an haɗa kwafinsa.

5. Ranar 25 ga Oktoba sakatare ya yarda ya shimfiɗa takardun karɓa a kan tebur. Guda goma sha huɗu ne. Goma sha ɗaya na baya kowace tana ɗauke da baƙin tabo, da sa hannun shaidu biyu a ƙasa. Ukun da ake jayayya a kansu kuwa dangwale ne mai kyau, zane ya fito zagaye-zagaye kamar an zana da alƙalami, wurin shaidu kuma fari fat. Mai ƙorafi ya daɗe yana kallon su. Ya ce shi dai tun yana saurayi rabon da ya ga irin wannan zane a hannunsa. Malam Yusha'u ya amsa masa a gaban mutane da cewa, "Baba, tsufa ka sa mantuwa." Sai mai ƙorafi ya ɗaga yatsansa ya nemi a kawo tawada ya dangwala a nan take, kowa ya gani. Aka ce tawada ta bushe. Bai bar bakin ƙofar ofis ba sai ga wata mai sayar da bandar kifi ta fito tana goge baƙin yatsanta a gefen zani.

6. Ya nemi a fito da samfurin da Malam Enoch ya yi wa jan rubutu. Aka buɗe fayil, babu shi. Na lamba 216 yana nan, na 218 yana nan. An ce ana nema. Yau kwana goma sha huɗu ana nema.

Katin kansa an nuna masa daga nesa, ba a bar shi ya riƙe ba. Duk da haka ya lura da abu ɗaya. Fil ɗaya aka maƙala hotonsa da shi ranar rajista, huda biyu ke nan. Yanzu huda shida ne a kusurwar katin. Hoton da ba a taɓa cirewa ba, ba ya bukatar a sake maƙala shi.

7. Ranar 30 ga Oktoba kwamitin Asusu ya zauna, ba a kira mai ƙorafi ba. Takardar hukuncin da aka aiko masa ta ce dangwale ukun nan su ne suka fito sarai, saboda haka su ne abin dogaro, baƙin tabo kuwa ba ya tabbatar da komai. Wato an karɓi yatsan da ba nasa ba saboda ya fi nasa kyau. A kan haka aka yanke cewa ya musanta hannunsa, ya kuma ɓata sunan ma'aikata, za a kore shi daga Asusun, a karanta sunansa a taron 'yan Asusu a bakin ruwa ranar 22 ga Nuwamba.

Mai girma Sufeto ya san bakin ruwa. Jagoran taru shi ke raba kamu tsakanin mutanensa, ba sikeli, ba takarda, maganarsa kawai ake bi. Ranar da aka kira shi maƙaryaci a gaban jama'a, ranar ya gama raba kifi. Tun da labarin ya fita, biyu daga cikin mutanensa sun fara tsayawa kusa idan yana rabo, abin da ba su taɓa yi ba.

8. Mai ƙorafi bai ce wane ne ya ci kuɗin ba, domin bai gani da idonsa ba. Abin da ya sani shi ne katin yana cikin gwangwani, gwangwani yana cikin durowa, durowa kuma tana da makulli. Ya kuma san cewa yawancin masu katunan da ke cikin gwangwanin har yanzu suna can saman kogi, ba za su sauko ba sai Disamba, kuma da yawansu yatsunsu irin nasa ne.

Saboda haka, cikin ladabi, mai ƙorafi yana roƙon mai girma Sufeto:

(a) ya dakatar da karanta sunansa ranar 22 ga Nuwamba har a gama bincike;

(b) ya sa a karɓo gwangwanin, da fayil na 217, da takardun karɓa goma sha huɗu, cikin gaggawa kuma ba tare da an sanar da ofis tukuna ba, tun kafin su ma a shiga nemansu;

(c) ya kira Malam Enoch Joshua da mutanen taru ya ji daga bakinsu;

(d) ya sa a duba karɓar da aka yi ranakun Talata da sauran katunan gwangwanin;

(e) ya zo Wara da tawadarsa, wadda ba ta bushe ba, ya sa mai ƙorafi ya dangwala a gaban kwamiti, sannan duk wanda hannunsa ya taɓa katin nan tsakanin Yuni da Oktoba shi ma ya dangwala, a jera su kusa da ukun nan.

Mai ƙorafi ya ce a rubuta cewa idan aka gwada aka ga zanen nasa ne, ba sai an karanta sunansa ba, shi da kansa zai tsaya a bakin ruwa ya faɗa. Ya kuma ce a rubuta cewa kuɗin yana iya jira, ranar 22 ce ba ta jira.

Allah ya ƙara wa mai girma Sufeto lafiya da basira, ya sa ya gama aikinsa lafiya.

Mai biyayya gare ka,

Mati Ɗanbaba,
Kati mai lamba 217.

Wanda ya rubuta da izininsa: Kabiru Altine (sa hannu).

Ga yatsan mai ƙorafi a ƙasa. An dangwala shi yau da sabuwar tawada, sau uku, a gaban shaidu biyu. Ana roƙon mai girma Sufeto ya ɗaga takardar wajen haske ya nemi zane.