Umarnin da Ya Riga Lokacinsa

Litinin

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya jikin Mama? Allah ya ƙara sauƙi. Yara lafiya lau, sai dai sun ce girkina horo ne, ƙaninki Auta kuma yana goya musu baya, alhali shi ke fara suɗe tukunya.

Abin da ke raina ba zai faɗu a waya ba. Kin san ɗakin nan mai sanyi a wurin aikinmu, wanda kike cewa na fi zama a ciki fiye da falonmu. Akwatunan da ke ƙyafta fitilu a ciki su ake kira suwic. Kowane tebur a ginin yana da kafarsa a jikinsu, ta nan kwamfuta da wayar tebur ke samun layi. Ana iya rubuta wa suwic umarni a sa masa rana da lokaci, idan lokacin ya yi sai ya zartar da kansa.

Yau manaja ya kira ni ya rufe ƙofa. Za a rage ma'aikata ranar Juma'a da yamma. So yake in tsara umarnin da zai rufe kafofinsu daidai lokacin da suke ɗakin taro ana gaya musu, don kada wani ya koma ya yi ɓarna cikin fushi. Bai ba ni suna ba, lambobin kafofin kawai, wai don ya sauƙaƙa mini. Ya manta ni na ja kebul ɗin ginin nan da hannuna. Kafar da ke bakin taga a hawa na biyu ta Auta ce.

Na tsara. Dole na tsara, don an ce idan maganar ta fita ni ma in kama gabana. Ki riƙe wannan a cikinki, kada Mama ta ji. Zan roƙi manaja kafin Juma'a, goge layi ɗaya daga umarnin ba wuya. Ni na kawo Auta wurin nan, ga shi yanzu ko ido ba na iya haɗawa da shi a kan abinci.

Ki gai da Mama. Gidan ba daɗi ba ke.

Naki,
Mai Kebul

Asabar

Uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina gai da Mama da jiki. Yara lafiya. Ni dai ga ni nan.

Manaja ya saurare ni, ya ce mu zauna ranar Alhamis da yamma. Ba mu kai ba. Ranar Laraba aka ɗauke wuta, janareta ya yi gardama, suwic na hawa na biyu ya mutu ya tashi da agogonsa a rikice. Na duba layi, na ga kowa na aiki, ban duba agogon ba. Shi kuwa suwic bai san kalanda ba, agogon cikinsa kawai ya sani. Alhamis da hantsi, a wurinsa Juma'a ce da yamma.

Ba a kira taro ba, ba a gaya wa kowa komai ba, sai umarnin ya zartu, wayoyi suka mutu nan da can. Auta ne ya sauko nemana yana dariya, wai yayansa ya tsufa, kebul ma ya raina shi. Na bi shi. Kunya nake ji ina rubuta miki wannan: na durƙusa ƙarƙashin teburinsa ina zare kebul ina mayarwa kamar mai neman matsala, shi kuma ya tsuguna yana haska mini da fitilar wayarsa.

Ina nan ƙasa mutane suka fara lura. Lalacewa takan ɗauki jere ɗaya ne ko hawa gaba ɗaya, ba ta tsallake wannan ta zaɓi wancan. Wata mata da ke dab da ritaya ta ɗaga wayarta ta ajiye, ta sake ɗagawa, sannan ta fara kwashe hotunan jikokinta. Manaja ya shigo da sauri yana kiran sunayen waɗanda za a sallama.

Auta bai motsa ba. Ya dube ni, ya dubi kebul ɗin da ke hannuna, sai ya kashe fitilar.

Bai kwana gida ba. Jiya ina wurin aiki ya zo ya ɗauki jakarsa, ya bar makulli a hannun babbar 'yarmu. Ba ya ɗaukar wayata. Rasa aikin ya yi masa zafi, na sani, amma ina jin durƙuson nan ya fi ci masa rai, ni ma shi ke cina.

Manaja bai kore ni ba. Cewa ya yi in gyara agogon, don akwai wani zagayen rage ma'aikata a wata mai zuwa. Na gyara.

Idan Auta ya kira ki, don Allah kada ki kare ni da cewa ban sani ba. Ki tambaye shi inda yake kwana kawai, ki gaya masa ɗakinsa na nan yadda ya bar shi.

Mijinki,
Mai Kebul