Zuwa ga Labbo, Kafin Ka Aza Wuƙa a Cikinka

Zuwa ga ƙanena Labbo, a garin Tsibiri ta ƙasar mulkin Faransa, ko duk inda wannan ta iske ka.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka, na sa a karanta wagga takarda a kasuwa, don na san kunnenka ya fi jin jama'a bisa ga jina.

Ka san ni. Ni na kai kaina makarantar Midil ta Sakkwato da ƙafa, ba ɗan sarki ba, ba yaron kowa ba. Ni na shiga soja, na je yaƙin Bama, na dawo da igiyar saje a hannu. Gidan da Inna take ciki a Sabon Birni, ni na aza tubalinsa. Ba wanda ya riƙa mini.

Amma kai ka ga yadda na dawo. Faifai ya faɗi, sai in kwanta ƙasa, sai ka ce bam ne. Ƙwaryar fura ba ta kai bakina da cika. Abin da ya warkar da ni shi ne tsayuwar da wani tsoho Basine, mutumin ƙasar Sin, mai kula da alfadaran sansaninmu, ya koya mini. Hanyar Tawo yake kiranta. Na bar masa addininsa, na ɗauki aikin: gwiwa a sassauce, harshe manne da ganɗa, numfashi yana sauka a hankali har ƙasan cibiya. Da fari ƙafafu ke karkarwa. Daga baya ɗumi ya taru a mara. Can sai barci ya dawo, zuciya ta daina gudu. Iyakarsa ke nan, Labbo.

Ka tuna ranar kasuwar Isa da ɗan kokawar nan na Kamarawa ya tura ni, ya sake turawa, ban gusa ba? Mutane suka ɗauki ihu, wai Saje ya zo da taurin Sin. Na yi dariya. Kai ba ka yi ba. Na ga yadda kake kallon cikina.

Na koya maka don ciwon kanka ya lafa, ya kuwa lafa. Sai ka ce, "Yaya, fito da sauran." Na ce babu saura. Ka ce rowa ce.

Yanzu fatake na ce mini kana tsayuwa a rana kana riƙe numfashi har idanunka su kaɗa, kuma ka yi wa 'yan tauri alkawari in an gama yankan gero za ka shiga fili, ba ka sha komi ba, ba laya, ka aza wuƙa ƙasan cibiya. Maƙerin Kurawa ya ce kai ka aiko a wasa ta baki biyu.

Tsohon Basinen nan ya tsufa yana wannan aiki. Alfadari bai iya ja da shi. Ni na ɗauke shi ranar da ɓarin bam ya same mu. Ƙarfen bai kai ɗan yatsa ba, ya shiga daidai wurin da yake tara numfashi. Ya shiga kamar a kabewa.

Geron Kurawa ya fara sunkuyar da kai. Inna ta bar tambayata yaushe za ka zo. Ta fito da mazarinta tana ta kaɗin farin zare, ba ta ce na mi ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Kai ne na goya zuwa gona, Labbo. Ka dawo. Za ni tsaya tare da kai ƙarƙashin tsamiyar gida, kowa ya ce na rasa sirri, ban damu ba.

Allah Ya karkato da kai kafin makaɗa su ɗaure ganga. Allah Ya sa zaren Inna ya zama riga, ba likkafani ba.

In kuwa ka ƙi, mai karatu ya ɗaga murya, malamin alƙali ya rubuta: ni na kawo tsayuwar nan Gobir, don lafiya na kawo ta, kuma ni na ce ba ta tare ƙarfe. A sa sunana cikakke.

Yayanka,
Saje Bawa na Sabon Birni