Ƙorafi Kan Maganin Jikata Hadassah

Daga: Saratu Tagwai,
Bayan Kasuwa, Unguwar Television,
Kaduna ta Kudu.
24 ga Agusta, 2023.

Zuwa ga: Mai girma Shugaba,
Ƙungiyar Masu Shagon Magani ta Television da Kewaye.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA JIKATA SHAN MAGANIN RIGAKAFIN ZAZZAƁIN CIZON SAURO

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A layinmu kowa yana yabon Kevin Timothy, ɗan ƙungiyarku. Ana cewa hannunsa na da sa'a, ana cewa ba ya korar mara lafiya, yara da manya Dokta suke ce masa. Ni ma haka na ji, haka na ɗauka. A kansa nake kawo ƙara.

1. Ranar 22 ga Yuli 'yata Damaris ta iso daga Kanada da 'yarta Hadassah, mai shekara shida, wadda can aka haife ta. Likitansu ya ba su ƙwayar rigakafi yarinyar ta sha kullum, ya ce kuma ta kwana cikin gidan sauro. Damaris ta bar mini yarinyar, ta wuce Jos jinyar uwar mijinta.

2. Ranar 29 ga Yuli yarinyar ta yi kukan tashin zuciya. Na kai wa Kevin kwalin maganin ya duba. Ya yi dariya, ya ce wannan na Turawa ne, yarinya jininmu ce, sauron Kaduna ya san nasa. Ya ce in daina ba ta, ya ba ni maganin ƙarin jini. Na saurare shi har ya gama, ban musa ba, don ban saba katse wanda nake ganin ya fi ni sani ba. Daga ranar na daina ba ta.

3. Ranar 12 ga Agusta jikinta ya yi zafi. Na koma. Ya ce canjin ruwa ne. Bai gwada jininta ba, bai ce in je asibiti ba. Ranar 15 ta fara jijjiga a hannuna, idanu sun juye. A asibiti likita ta yi mini bayani cewa zazzaɓin cizon sauro ne, kuma yaron da bai taso a nan ba jikinsa bai san wannan ciwo ba, ko ɗan wane ne. Ta ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Mun gode wa Ubangiji, an sallame ta.

4. Wannan shi ne ya fi ci mini rai. Da Damaris ta dawo daga Jos ta je ta sami Kevin, sai ya ce bai taɓa cewa a daina ba, wai tsohuwa ce ba ta gane ba, ai ba ta iya karatu ba. Ranka ya daɗe, gaskiya ne da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci a majami'armu. Amma kunnena ba a aji na samo shi ba, kuma wannan takarda da hannuna na rubuta ta. Yanzu 'yata gani take ni na tsayar da maganin don kaina. A gida ɗaya muke, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta ce ba za ta sake kawo yarinyar ƙasar nan ba.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi:

Na ɗaya, a gargaɗi duk masu shago su riƙa tura 'ya'yanmu da suka zo daga waje asibiti, su daina taɓa abin da likita ya rubuta.

Na biyu, a hana Kevin amsa sunan Dokta.

Na uku, ya aiko matarsa da lemu da ayaba, na mayar. Jirgin Damaris zai tashi ranar 2 ga Satumba. Kafin ranar a sa shi ya zo gidana da ƙafarsa, ya tsaya gaban 'yata, ya faɗa da bakinsa, yadda za ta ji, cewa shi ya ce a daina, ya kuma ba da haƙuri. Idan ya faɗa na yafe. Ba na neman komai bayan wannan.

Na gode da sauraro. Allah ya taya riƙo.

Taku cikin ladabi da biyayya,
Saratu Tagwai (Uwargida)