Sunan Baffa a Fasfo, Sunan Ubana a Kati

Daga admin: wani ɗan uwa ne ya turo daga ƙasar waje, ya roƙi a sakaya sunansa. Ga saƙon yadda ya zo.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana, ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da zamani. Don Allah ku ba ni shawara. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji uku na tsaya a firamare, sauran duk allo ne, kuma ni ban iya kwana-kwana ba, yadda magana take haka zan faɗe ta.

Ni mutumin ƙasar Safana ne, mahauci, shekarata arba'in da bakwai. Shekara goma ke nan ina aiki a wata ƙasar Larabawa, a mayanka, yanka da fiɗa, daga safe har la'asar hannuna cikin jini. Matata da ɗiya biyar suna gida. Matsalata fasfo. Ya mutu wata huɗu da suka wuce, igamata kuma, wato takardar zama, saura kwana ashirin da uku ta bi shi. Ba a sabunta igama sai da fasfo mai rai, fasfon kuma an ƙi sabunta shi don sunan uban da ke ciki daban da wanda ke kan katina na ɗan ƙasa. Ba damfara na yi ba, ku tsaya ku ji yadda aka yi.

Mahaifina mutumin Yasore ne, ya rasu ina goye, ko kamanninsa ban sani ba. Ƙanensa, wanda nake ce wa Baffa, shi ya je ya ɗauko ni bayan yaye ya kawo ni gidansa a Zakka. Shi ya yi mani kaciya, shi ya sa ni allo, shi ya koya mani riƙon wuƙa, kuma ya yi mani aure kafin ya yi wa ɗiyan cikinsa. Sai da na kai sha biyu na ji a bakin wata mata a bakin rijiya cewa ba shi ya haife ni ba. Na dawo gida ban tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba har yau ɗin nan. Wanda ya san gidajenmu ya san ba a tada irin wannan magana. Kowa ya sani, ba mai furtawa.

Ranar da za a yi mani fasfo na farko Baffa ya ce sai ya raka ni Katsina. Muna zaune benci guda, gwiwarsa na taɓa tawa, mai cike takarda ya ɗago kai ya ce, sunan mahaifi. To jama'a mi zan ce? Mutumin da ya ci da ni shekara talatin da wani abu yana gefena, in buɗe baki in kira sunan wani? Na faɗi sunan Baffa. Ya duƙar da kai yana gyara hula. A hanyar dawowa ya sayi rake a tasha, ya fere da kansa ya miƙo mani. Iyakar abin da ya gudana tsakaninmu a kan maganar ke nan.

Bayan shekara shida na je hutu gida, lokacin ana ta cewa wanda bai yi katin ɗan ƙasa ba za a rufe mashi layin waya. Na je Batsari ranar kasuwa na bi layi. Mai rubutawar ɗan Yasore ne, yana ganina ya ce, a'a ɗan marigayi, kai ai ba sai an tambaye ka ba, fuskar nan tasa ce. Ya rubuta sunan mahaifina na gaskiya, na dangwala yatsu, aka ɗauki hoto na kama gabana. Ban ɓoye maku ba, har daɗi na ji a raina da aka ce na yi kama da shi. Ban kawo cewa wata rana za a jera takardun biyu a teburi guda ba, don sabuntawar farko ba wanda ya tambaye ni kati.

Wannan karon sai da na jira wata biyu kafin a ba ni rana a ofishin fasfo namu na nan, ga shi tafiyar awa biyar ce a mota daga garin da nake. Ma'aikacin ya buga lambata, ya juyo da kwamfuta ya ce, Malam, mutum biyu nake gani a nan. Na ce ni kaɗai ne. Ya ce ni na yarda, na'ura ce ba ta yarda ba. Gaskiya bai wulaƙanta ni ba, har ruwa ya ba ni, ya zaunar da ni ya yi mani bayani. Ya ce hanya biyu ce. Ko in yi rantsuwa a rubuce cewa Baffa ne mahaifina, sunan da ke kan kati kuskure ne, a gyara kati ya bi fasfo. Ko kuma babban danginmu ya je kotu a gida ya shaida cewa ni ɗan marigayi ne, wanda ke cikin fasfo ba shi ya haife ni ba, sai a canza fasfo ya bi kati. Babban danginmu kuwa a yau Baffa ne, ba wani namiji da ya rage a sa'o'insa.

Na kai wa kafil ɗina maganar, wato Balaraben da nake aiki ƙarƙashin sunansa. Ya ce shi bai gane wannan shirme ba, mutum uba guda gare shi, in zaɓi guda in kawo mashi fasfo kafin igama ta mutu, in ba haka ba zai cire hannunsa. Ya fi son hanyar farko don igama da katin asibiti da komai nawa na nan sunan Baffa ne, in aka canza sai shi ya yi zirga-zirgar ofis. Ni ma da farko ita na so, na gaji ne kawai.

Sai na tambayi limamin masallacinmu, wani dattijo ɗan Sudan. Ya ce abin da na yi a gaban Baffa kunya ce, Allah ya san zuciyata, amma yanzu da sanina in rantse in cire ubana in sa wani, wannan babban zunubi ne, kar in kuskura. Na kira Gwaggo, ƙanwar ubana da Baffa da ke Runka, ita kaɗai ke kira na da sunan ubana, shi ma sai in mu biyu ne. Ita ke riƙe da asalin gidanmu a ka, tana jero shi uba bayan uba har zuwa kakan da ya sare gonar Yasore tun Katsina na kai gaisuwa Sakkwato, Turawa ba su zo ba. Ta ce yayanta bai bar gida ba, bai bar shanu ba, ni kaɗai ya bari, in na goge shi da hannuna to an yanke shi daga layin ke nan, kuma kar in ƙara kiran wayarta. Ta yi kuka, na kashe wayar ban iya ba ta haƙuri ba.

Daga nan na kira babban ɗan Baffa, bari in ce mashi Sale, ba sunansa ke nan ba. Tare muka tashi, tabarma guda. Ina ambata mashi hanyar farko ya canza murya, wai to Yaya in kotu ta rubuta kai ɗan Baffa ne, ranar rabon gona fa? Wallahi ban taɓa kawo gonar Zakka a raina ba, maganar ta soke ni, muka faɗa wa juna abin da bai kamata ba. Bayan kwana uku ya kira ya ce in bar mashi, zai kai Baffa kotu a Safana a bi hanya ta biyun. Na ce ka yi mashi bayani a hankali, in ya nuna bai so a bari. Ya ce kar in damu.

A cikin wannan jira ba irin abin da ban gani ba. In na hango motar 'yan sanda sai in canza hanya, alhali igamar ba ta ma mutu ba tukuna. Daga ɗaki sai mayanka, ko kasuwa na daina zuwa, abokan ɗakinmu ke sayo mani burodi. Wani ɗan Damagaram da muke fiɗa tare ya sa mani suna Mai Uba Biyu, wai wasu na neman guda sun rasa ni ina kuka da biyu. Ina dariya don kar a ce ban san wasa ba. An gaya mani ranar da igama ta mutu layin wayata zai tsaya, asibiti ba za su karɓe ni ba, ga ciwon baya da nake fama da shi, kuma ba zan iya aika wa iyali komai ba. In na ce na haƙura in koma gida, ita ma tafiyar sai da takarda. Ga gida yadda yake, kun fi ni sani, gonar nesa ba ta nomuwa, kasuwar dabbobi ta ja baya, wannan wuƙar da nake riƙewa a nan ita ke ci da gida biyu.

Jiya wani da ya dawo daga hutu ya kawo mani takardar, da hatimin kotu da dangwalen Baffa. Na sa aka karanta mani. An rubuta ƙarara cewa shi wane ya shaida ba shi ya haifi wane ba, ɗan yayansa ne marigayi. Na kira Sale na ce ya aka yi, mi Baffa ya ce? Ya ce ai bai gaya mashi ba. Cewa ya yi takardar sabunta fasfo ce ake so uba ya dangwala. Baffa idonsa ya yi rauni, kunnen ma sai an ɗaga murya, magatakarda ya karanto da sauri da Turanci, Sale ya ce mashi ka ce e, ya ce e. Wai ya yi haka ne don ya hutar da kowa. Na zage shi, ya ce to ka zo ka gaya mashi da bakinka tunda kai ne jarumi.

Ban gama hucewa ba Baffa ya sa aka kira ni. Muryarsa cike da murna. Ya ce ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, mashin ya jijjiga mashi ƙugu, hanya ba lafiya amma ya ce ko mi za a yi sai ya je. Ya ce, na dangwala maka ɗana, da ƙarfi na danna don kar su ce bai fito ba. Ka gaya wa Larabawan nan ubanka na da rai. Na ce to Baffa, Allah ya ƙara girma. Abin da bakina ya iya ke nan.

An ba ni ranar Talata in koma ofis. In na wuce ta sai wani wata biyun, igama kuwa ba za ta jira ni ba. Abin da ke cikin takardar gaskiya ne, amma da yaudara aka karɓo ta daga hannun tsoho. In na miƙa ta na yi shiru, Zakka ba ta da girma, magatakardan ma surukin maƙwabcinmu ne, ina tsoron ya ji a bakin wani a ƙofar masallaci kamar yadda na ji tawa a bakin rijiya. In na kira shi na faɗa, zan furta abin da shi ya riƙe shekara arba'in da biyar bai furta ba, a waya, ba na kusa balle in durƙusa in riƙe ƙafarsa. Mutum ne mai hawan jini. In kuma na yaga ta na yi rantsuwar farko, na saɓa wa Allah, na rasa Gwaggo, na goge mutumin da ba shi da kowa sai ni.

To jama'a, musamman malamai da waɗanda aka riƙe kamar ni, ku gaya mani gaskiya ko da ɗaci. Ya halatta in yi amfani da takardar da aka karɓo haka? In kira Baffa kafin Talata, ko in miƙa tukuna in bari sai na je gida mu haɗa ido? In kuma kira ne, ku koya mani da wace kalma zan fara, don tun jiya nake buɗe lambarsa ina rufewa.